Kekunan ɗinki biyu da na ce sun ƙone

Ni tela ne. Shagona yana Unguwar Television a kudancin Kaduna, kuma a ekklesiyarmu an san ni da abu biyu: ɗinkin ankon Zumuntar Mata, da koyar da ajin almajiranci ranar Lahadi da yamma. Shaidar da zan bayar ta shafi duka biyun. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta ta, amma yarana sun fara girma, gara su ji daga bakina.

A Kakuri aka haife ni a 1977, lokacin da masaƙu suke da rai. In aka tashi daga aiki, KTL da Arewa da UNTL kowace ta sako mutanenta, titi ya cika maƙil da kekuna, masu ƙosai da masu shayi su yi ta ciniki har dare. Babana daga ƙasar Kwoi ya zo neman aikin masaƙa, da akwatin ƙarfe ɗaya da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, wanda ya gada daga kakana. A gidanmu ba a karya kumallo sai an yi addu'ar safe. Na yi Boys' Brigade, na yi ƙungiyar mawaƙa, na haddace ayoyi har ina cin kyauta, aka yi mini baftisma a cocin ECWA ina da shekara 16. Da a lokacin wani ya tambaye ni ko ni almajirin Yesu ne, da na yi mamakin tambayar.

A wannan shekarar, 1993, Baba ya ga boko bai karɓe ni ba, ya kama hannuna ya kai ni wurin wani tela Musulmi, Bazazzagi, mai shago a bakin kasuwar Kakuri. Ya ce masa, "Malam, ga amana na kawo maka." Shi kuma ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." Maigida nake kiransa tun daga ranar, haka kuma zan kira shi a nan.

Wata shida ban hau keke ba. Shara, ɗebo ruwa, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, kalmasa da hannu. Da ya yarda in hau, takardar buhun siminti ya ba ni, ya ja layi da alli, ya cire zare daga allura, ya ce in bi layin. Maigida ba ya zagi, ba ya duka. In ka gama riga ka kawo, ba ya ko kallon gabanta. Sai ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa, in ya ji inda ka yi ha'inci ya miƙo maka reza ya ce, "Farke." Kalma ɗaya ke nan. Akwai kaftanin da na farke sau huɗu ina hawaye. In yadi ya yi saura kuwa, ko tafin hannu ne, sai ya ninke ya sa a aljihun rigar mai kaya. Yakan ce tela marar amana ɓarawo ne mai almakashi.

Ko a daren jajiberin Sallah, da aiki ya kai mana wuya muna kwana a shago, in gari zai waye Lahadi sai ya ce, "Tashi ka tafi, gobe kana da ibada." A tire ɗaya muke ci da 'ya'yansa. Da Kirsimeti Mama takan kira Musulmi ya yanka mana kaza, don ta aika wa gidan Maigida su ci ba tare da shakka ba.

A Kaduna in ka ce almajiri, abin da yake zuwa wa mutum shi ne yaro da allo da robar bara. Asalin kalmar daga Larabci ne, wanda ya yi hijira, ya bar gida ya bi malami. Ita masu fassara suka zaɓa wa su Bitrus da Yahaya, kuma a ganina sun yi daidai. A shagon nan na ga yadda abin yake. Ka zauna kusa da mutum shekara da shekaru, kana kallon hannunsa, yana sa ka farke, har ranar da wani zai ɗaga kaftanin da kai ka ɗinka ya ce, "Wannan hannun Malam ne." An faɗa mini haka a shekarata ta shida, ban yi barci ba don murna.

Sai Litinin, 21 ga Fabrairu 2000. Wanda yake Kaduna a ranar ba ya bukatar in ba shi labari. An fita zanga-zanga kan batun shari'a da safe, kafin azahar hayaƙi ya rufe gari, aka kashe mutane fiye da dubu a 'yan kwanaki. Da dare Maigida ya ga ba zama. Ni da shi muka ɗora kekunansa biyu a baro, Butterfly ɗaya da Singer ta aikin wuya, muka bi lungu muka kai ɗakina a gidan Baba, muka rufe da tabarma da buhuna. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ga amana. In ƙura ta lafa zan aiko." Kafin asuba sun fice da iyalinsa. Washegari aka ƙone shagon.

Ƙanena, mai bi mini, yana da shekara 19. Da safen Litinin ɗin ya haye gada ya shiga cikin gari, wurin mai shagon takalman da yake yi wa aiki. Bai dawo ba. Mun zaga asibitoci, mun zaga inda ake ajiye gawa, ba mu same shi ba har yau. Mama ta yi makonni tana zuba masa tuwo a kwano tana rufewa.

A watan Afrilu babban ɗan Maigida ya zo, sa'ana, wanda muke cin tire ɗaya. Da tsakar rana ya zo, ya cire hularsa ya cusa a aljihu don kada a gane shi a hanya. Ya durƙusa ya yi wa Baba da Mama gaisuwa, ya miƙo mini naira 500, ya ce in ji Maigida, a yi haƙuri, a sayi ko sabulu. Sannan ya tambayi kekuna.

Na ce samari sun shigo sun bincike gidan, sun fitar da su sun ƙone.

Kekunan suna bayan labule, taku uku daga inda yake zaune. Ya sunkuyar da kai ya yi salati, ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Tunda ku kun tsira, shi ke nan." Na raka shi bakin titi. Kuɗin kuma na karɓa.

Ba zan ce Shaiɗan ya ruɗe ni ba, da hankalina na yi. Na ce a raina su suka fara, jinin ƙanena ya fi ƙarfe biyu. Abubuwan da suka biyo baya kuma suka taya ni danne zuciyata. Rikici ya sake tashi a watan Mayu, ya sake tashi a Nuwamba 2002, gari ya rabe, kogi ya zama iyaka: Kiristoci suka yi ta komawa Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora, Musulmi suka yi Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Masaƙu suka bi juna suna rufewa, Baba ya zauna ba aiki. Kekunan nan su suka ciyar da gidanmu, wannan gaskiya ne, kuma da wannan gaskiyar nake rufe bakin ɗayar. Na buɗe shago a 2001, na yi aure a 2004, aka zaɓe ni dattijon ekklesiya a 2010. Ushirina bai taɓa yankewa ba. In na ga Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa a talabijin suna maganar sulhu, sai in yi tsaki in canja tasha, alhali shi Fasto Wuye hannunsa ya rasa a rikicin 1992, ya san zafin abin da yake magana a kai.

A ajin almajiranci ina da labarin da na fi son bayarwa. Samari uku da suka sauka Legas a ƙarshen 1893 don kawo bishara ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya rage, daga aikinsu aka sami ƙungiyar mishan ta SIM, daga SIM aka sami ECWA. Nakan ba da shi da zafi, in ce almajiri shi ne wanda ya shirya mutuwa. Ni ma kuma na shirya, ba ƙarya. Bayan bama-baman da aka kai wa coci-coci a 2012, ina cikin masu tsayuwa a bakin ƙofa kowace Lahadi muna duba motoci, na san in abin ya zo mu zai fara ɗauka. Mu Kiristocin Kaduna mun saba auna bangaskiya da wannan ma'auni, kuma ba a banza ba, mun binne mutane da yawa. Sai dai ayar da nake karanta musu, Luka 9:23, cewa ta yi mai son bin Yesu ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Shekaru ina karanta "kowace rana" ina wucewa, kamar yadda ƙafa take taka feda ba tare da tunani ba.

Wata Asabar a 2013 na kama yaron shagona ya ɓoye saurar atamfar wata mata a jakarsa, yadi guda. Na tara sauran yara na yi masa faɗa sosai. Na ce tela marar amana ɓarawo ne mai almakashi. Na ce horonsa shi ne ya goge dukan kekunan shago ya sa musu mai. Yana cikin yi, idonsa bai bushe ba, ya kwantar da kan Singer baya, ya tsaya yana kallon katakon. Ya ce, "Oga, wannan rubutun ajami fa? Sunan wa?"

Sunan Maigida ne, da hannunsa ya rubuta. Na san yana wurin, shi ya sa ba na barin kowa ya buɗe ta sai ni.

Na ce gwanjo na saya. Yaron ya ce to, ya ci gaba da gogewa. Na shiga bayan shago na tsaya, ƙafafuna suna rawa. Na hore shi kan yadi guda da maganar mutumin da na cinye wa shago sukutum, sannan na dube shi na ƙara wata ƙaryar.

Washegari darasinmu Luka 19 ne, labarin Zakka mai karɓar haraji. Ba ni na tsara ba, bi da bi muke tafiya. Na karanta har inda Zakka ya miƙe tsaye ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bakina ya bushe, na ce wani ya ƙarasa. Ina zaune ina ji aka karanta amsar Yesu, cewa yau ceto ya sauka a gidan nan. Zakka bai tsaya lissafin abin da mutanen Yariko suka yi masa ba, ko da yake sun tsane shi. Ya ga Ubangiji ya shigo gidansa, ya san abin da yake cikin gidan, ya fito da shi. Ni kuwa shekara 13 ina cewa Yesu ya shigo, labulen nan kuma ban taɓa ɗagawa ba.

Da dare na gaya wa matata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Baban 'yan biyu, ashe da wannan aka biya sadakina?" Na ce da shi ne. Ta yi kuka. Da ta share ido ta ce, "To, sai a mayar."

Fastonmu dattijo ne, a Kagoro ya yi karatu, ba mai yawan magana ba. Ya saurare ni har na gama, ya buɗe Matiyu 5, inda Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ya ce, "Dattijo, Lahadi mai zuwa ba kai za ka raba Jibin Ubangiji ba, ajin ma ka ajiye. Ba kora ba ce. Je ka dawo." Na ce, "Baba, ai mutumin Musulmi ne, ayar ɗan'uwa ta ce." Ya cire tabarau ya ce, "Shekara bakwai kana cin tuwon gidansa, yau ne za ka tambaye ni ko ɗan'uwanka ne?"

Mama na fi jin tsoro. Baba ya riga ya rasu, ita kuma har lokacin in an ambaci 2000 tashi take ta bar wurin. Na durƙusa na faɗa mata, na ƙara da cewa saboda ƙanena na yi. Ta dube ni ta ce, "Kekensa ne ya kashe mini ɗa? Kada ka ƙara sa sunan yaron nan a cikin satarka." Ta shiga ɗaki ta auno acca mudu biyu ta ƙulle a leda, ta ce in kai wa matar Maigida, tana sonta.

Ni da matata muka zauna da biro da takarda. Ninki huɗu ya fi ƙarfinmu. Muka lissafa abin da ake biya hayar keke a wata, sau biyu, na shekara 13, muka ga ba mu da shi sai in mun sayar da filin da muka saya a Gonin Gora don gini. Muka sayar. Har yau a gidan haya muke, kuma ba zan ɓoye ba, in na wuce ta wurin na ga ginin da wani ya yi, raina yana sosuwa.

Asabar uku ina hayewa Kasuwar Barci a Tudun Wada, ina bin layin teloli ina tambaya. Tun 2000 ban taka cikin unguwar ba, gabana yana ta faɗuwa, amma ba wanda ya ce mini kanzil, wani ma ruwa ya ba ni. A ta uku wani tsoho ya ce, "Bazazzagin nan na Kakuri? Yana Rigasa. Idanu dai sun tafi."

Na ɗauki hayar akori-kura, na ɗora kekunan, na wanke su na sa musu mai. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, carbi a hannu. Na yi sallama na ce, "Maigida, ni ne, yaronka na Kakuri." Ya ce, "Matso." Ya kai hannu wuyan kaftanina, ya gangaro ya juya bakin aljihu, ya bi ɗinkin ciki da babban yatsa. Ya ce, "Hannun bai canja ba."

Nan na faɗi komai, har da naira 500. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce, "Na sani, ɗana. Tun 2003 wani ya ga Singer a shagonka, ya gane ta da ƙafar da aka yi wa walda. Yara suka ce a je da hukuma, na hana. Babanka ya ba ni amanarka, ban ji ranar da ya ce na sauke ba. Abin da nake roƙon Allah kawai, kada ka mutu da shi a wuyanka."

Ban taɓa kuka irin na ranar ba, ko a makokin ƙanena.

Babban ɗansa ya shigo ya same mu. Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba. Ya ce, "Ka san abin da keke biyu suke nufi ga mai 'ya'ya tara? Ina shekara ta biyu a kwaleji na bari. Baba ya yi shekaru yana ɗinki a keken haya, a barandar mutane, da fitilar ƙwai. Kuma ƙanenka ba mu muka kashe shi ba. Mu ma kawunmu a Kakuri aka kashe shi, ranar Talatar." Ban sani ba. Shekara 13 ban taɓa tambayar ko su ma sun rasa wani ba. Ba ni da amsa, ban kuma nemi wata ba. Maigida ya ce ba zai taɓa kuɗin ba, ɗan ya karɓa ya ƙirga a gabana, hakkinsu ne. Accar Mama aka shiga da ita ciki, na ji matar Maigida tana tambaya ko Mama tana nan da rai.

Da na dawo na tsaya gaban ekklesiya na faɗa da bakina. Wasu sun rungume ni. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce na ba da mu, ai ganimar yaƙi ce, su nawa suka ƙona mana. Na gane zafinsa, gidansa biyu aka ƙone. Na ce masa ni dai ban ga inda Ubangijinmu ya ba mu izinin ganima ba. Wasu masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Yaron shagona ma na kira shi gaban sauran na nemi gafararsa kan maganar gwanjo.

Bayan wata shida Fasto ya mayar mini da ajin. Har yanzu ina ba da labarin Gowans da Kent, sun cancanta. Amma yanzu nakan ce wa sababbin shiga su je gida su duba ko akwai kayan wani a ɗakinsu, ko bashin da suka yi shiru a kai, ko mutumin da suka daina gaisarwa, mu fara daga nan. Game da waɗanda suka kashe ƙanena, ina yi musu addu'a domin an umarce ni. Wata rana daga zuciya take fitowa, wata rana, musamman in Fabrairu ta zo, baki ne kawai yake yi, sai in gaya wa Ubangiji haka, in sake gwadawa washegari.

Na riƙa zuwa Rigasa duk ƙarshen wata har Maigida ya rasu a 2018. Na tsaya daga gefe aka yi masa salla, na bi su maƙabarta, na zauna zaman makoki kwana uku. Ɗansa ya amsa gaisuwata, bai ƙara komai a kai ba.

Bara da damina wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Shi ne. Ya ce ɗansa ne yake aiki da Singer yanzu, tana tsallake ɗinki, sun canja allura bai hana ba, ko na san dalili. Na ce ya ba ni yaron. Na sa shi ya kwantar da kan keken baya, na yi masa kwatancen ƙaramin nocin da yake kwancewa a ƙasa, wanda ni ma ya sha wahalar da ni. Na ji ƙarar feda ta cikin waya, yaron ya ce, "Ta yi, Baba." Uban ya karɓi wayar ya ce, "To, madalla. A gai da Mama." Na ce za ta ji.